Littafin Farfesa Barré-Sinoussi da Hausa: inda aka kwana

11 ga Janairu, 2025

Jama'a salamu alaikum. Na fara wani aiki da na jima ina cewa zan yi, wato ɗan ƙaramin littafi da Hausa akan rayuwar binciken Farfesa Françoise Barré-Sinoussi, matar nan 'yar Faransa da ta fara ganin alamar ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji a 1983. Bayan littafin kuma inaso in ɗauki muryar kowane babi a waya yadda za'a iya turawa ta WhatsApp, don da yawa daga cikin waɗanda nake yi dominsu sauraro yafi musu sauƙi akan karatu. Zan dinga rubuta inda aka kwana anan lokaci lokaci, wanda yaga gyara ya faɗa min dan Allah.

Ni ma'aikaciyar lab ce a wani asibitin gwamnati, jinin matan awo ta hannuna yake bi, kuma ɗaliban nas da na ungozoma suna zuwar mana firaktikal duk shekara. Su ne na farko da nake tunani, sai matan awo kansu, sai mazajensu in Allah Yasa sun saurara. Dalilin da yasa na zaɓi wannan matar shine kowa in ya santa toh da kyautar Nobel ya santa, amma kaɗan ne suka san cewa bayan gano cutar ta kwashe shekaru masu yawa ita da mutanen lab ɗinta suna bin tambaya ɗaya: ta yaya cutar take bi daga uwa ta kai ga ɗa, kuma me yasa yawancin jarirai suke tsira tun suna ciki alhali jinin uwar cike yake da ita. Wannan ɓangaren ne ya shafe mu kai tsaye, shi nakeso ya zama tsakiyar littafin.

19 ga Janairu

Babin farko ya kusa tsayuwa. An haifeta a Paris ranar 30 ga Yuli 1947, ba 'yar gidan likitoci bace, tana jami'a ta gaji da karatun allo kawai ta dinga neman lab da zai ɗauketa ko ba biya, har Jean-Claude Chermann na Cibiyar Pasteur, cibiyar binciken cututtuka dake Paris, ya karɓeta a farkon shekarun 1970. Aikinta na digirin dakta akan ɓeraye ne fa, wata ƙwayar cuta da take sa musu sankarar jini, daga nan taje Amurka ta ƙara gogewa ta dawo. Na tsaya sosai akan wannan a rubutun saboda ɗalibanmu suna raina irin wannan aikin, wai me binciken ɓera zai tsinana wa mutum. Toh a wajen ɓerayen nan ne ta ƙware da auna wani sinadari da masana ke taƙaitawa da RT, wanda irin waɗannan ƙwayoyin cutar da ake kira ritrobairos suke amfani da shi su kwafe bayanin halittarsu su cusa shi cikin na mai ɗauke da su. Shekara kusan goma hannunta yana kan wannan awon kafin a kawo mata abinda ya canza tarihi.

Yadda abin ya faru: a watan Yuni 1981 aka fara ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da garkuwar jikinsu ta rushe ba'a san dalili ba. Ƙarshen 1982 wasu likitocin Paris, cikinsu akwai Willy Rozenbaum da Françoise Brun-Vézinet, suka nemi Luc Montagnier na Pasteur ya duba musu ko ritrobairos ce. Shawarar da aka yanke mai kyau ce ƙwarai, maimakon a ɗauki jinin wanda ciwo ya riga ya cinye, sai aka yanko kaluluwar wuyan wani majinyaci ɗan shekara 33 da yake matakin farko, ranar 3 ga Janairu 1983. Montagnier ya shuka ƙwayoyin a kwalba, ita kuma take ɗibar ruwan duk bayan 'yan kwanaki tana auna RT. Bayan sati biyu zuwa uku sai alama ta fito, ta hau, sannan kuma ta fara sauka, fararen ƙwayoyin jinin dake kwalbar suna mutuwa. Duk wanda ya taɓa kiwon wani abu a lab yasan tashin hankalin wannan lokacin, don zaka ɗauka ko maganin da ka zuba ne ya gurɓace ko kwalbar ce ta kamu da wani abu. Su kuwa suka aika aka karɓo fararen ƙwayoyin jini na mai lafiya daga wurin ba da jini suka ƙara a ciki, RT ta sake hawa. Kamar wuta ce da ta cinye itacenta, da aka ƙara mata ice ta sake kamawa, anan aka gane cewa ita cutar ce da kanta take kashe ƙwayoyin da take zaune a ciki. Farkon Fabrairu Charles Dauguet ya ɗauki hotonta da babban madubin lantarki, ranar 20 ga Mayu 1983 kuma mujallar Science ta buga rahoton, sunan Barré-Sinoussi ne a farko, tana da shekara 35. LAV suka fara kiranta, sai 1986 aka daidaita akan HIV.

Na karanta wa ƙanwata wannan ɓangaren a waya tace Yaya ai kamar labari ne, a bar shi haka kar a cika masa turanci. Haka zan barshi.

4 ga Fabrairu

Kwana biyu ban taɓa littafin ba, hankalin kowa a asibiti yana kan maganar tallafin Amurka. Ranar 20 ga Janairu sabuwar gwamnatinsu ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, ya shafi PEPFAR, shirin da tun 2003 yake ɗaukar babban kaso na maganin ƙanjamau da kayan gwaji a ƙasashe irin namu. Daga baya sun ce an ɗage wa magani da aikin kare jarirai daga kamuwa, jiya kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Alhamdulillah da wannan, amma wallahi fuskokin matan da suka zo karɓar magani satin da ya wuce ba zan manta ba, wata mai tsohon ciki ta riƙe min hannu a bakin taga tace Anti gaskiya ne za'a daina bamu, nace mata Hajiya maganinki yana nan, kar ki fasa ko ƙwaya ɗaya, kar kuma ki fara rabawa biyu don ya daɗe. Wannan raba ƙwayar shine abinda nafi tsoro, don da rabin magani cutar take koyon taurin kai.

Zan ƙara shafi akan wannan a ƙarshen littafin, waye yake biyan kuɗin maganin da ake cewa kyauta ne.

16 ga Fabrairu

Rigimar waye ya fara ganowa tsakanin Pasteur da lab ɗin Robert Gallo na Amurka, wadda sai da shugaban Amurka Reagan da firaministan Faransa Chirac suka sa hannu a yarjejeniya a 1987 kafin ta lafa, sakin layi ɗaya kawai na bata. Mai awo ba ruwanta da wannan. Na dai rubuta cewa a 2008 an raba Nobel, rabi ga Harald zur Hausen na Jamus saboda gano ƙwayar dake kawo sankarar bakin mahaifa, rabi ga ita da Montagnier, kuma Chermann da ya koya mata aiki bai samu ba, wanda ni dai har yanzu abin yana min ciwo. Ranar da aka sanar tana Kambodiya wajen aiki. Akwai kuma labarin da ta sha bayarwa cewa tana matashiyar mai bincike wani babba ya gaya mata mace bata zuwa ko'ina a kimiyya, gara ta koma gida, wannan kam na saka shi saboda 'yan matanmu.

27 ga Fabrairu

Yanzu na shigo inda nakeso. A 1985 ta fara taka Afirka kudu da Sahara, taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Bangi ta Afirka ta Tsakiya, taron da aka fitar da hanyar gane ciwon ta alamomi don asibitocin da basu da kayan gwaji. Abinda ta gani a asibitocin can ya sa ta ɗaure aikinta da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi har ta yi ritaya, Bangi, Yawunde, Biyetnam, Kambodiya, ana horar da matasan can ana kafa musu lab. Ta samu lab nata na kanta a 1988, ta zama shugabar sashen nazarin ritrobairos a 1992. Sunanta ma yana cikin waɗanda suka bayyana wani nau'in HIV da ake kira rukunin N a 1998, wanda aka samu a jikin wata mata a Kamaru, maƙwabtanmu.

Lissafin da kowace ungozoma ya kamata ta haddace shine in ba'a yi komai ba, cikin jarirai 100 na iyaye mata masu cutar, tsakanin 15 zuwa 45 zasu kamu. Amma in ka rarraba sai kaga abin mamaki. Lokacin goyon ciki, wata tara cur, 5 zuwa 10 ne kawai. Naƙuda da haihuwa, awanni kaɗan, 10 zuwa 20. Shayarwa 5 zuwa 20, ya danganta da tsawonta. Kenan ko babu magani kusan tara cikin goma suna gama zaman ciki lafiya ƙalau, kuma waɗanda suke kamuwa a cikin ma yawanci sai can ƙarshe ƙarshe. Ita Barré-Sinoussi da abokiyar aikinta Elisabeth Menu sai suka juya tambayar, suka ce bari mu duba me yake kare waɗannan taran, ko za'a koyi wani abu daga gare shi. Suka dinga karɓar mabiyiya bayan haihuwa, abinda mu nan ake wankewa a binne a bayan ɗaki, suna yankawa suna nazari.

Abinda aka fahimta a taƙaice, jinin uwa da na ɗa basa gauraya kai tsaye, akwai wani shimfiɗaɗɗen fatar ƙwayoyi a mabiyiya da yake tsakani, abinci da iska suna wucewa amma ita cutar in tana yawo ita kaɗai a jini da ƙyar take iya kama waɗannan ƙwayoyin. Inda take samun hanya shine in ƙwayar jinin uwa mai ɗauke da cutar ta manne da fatar, ko kuma in wurin ya kumbura ko ya samu rauni. Kuma ko cikin ire-iren cutar dake jikin uwa ɗaya ba duka ne suke iya tsallakawa ba. Anan ne zazzaɓin cizon sauro ya shigo, don ƙwayar maleriya tana son taruwa a mabiyiya tana tada kumburi, kuma masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Yawunde tare da mutanen lab ɗinta sun bi wannan alaƙar sosai. Da na kai nan sai na ajiye biro, saboda gidan sauro da Fansidar ɗin nan da ake bawa mata a awo suna sha a gaban nas, wanda wasu suke ɓoyewa a bakin zani su zubar a waje, ashe aikinsu ya wuce hana zazzaɓi kawai. Na rubuta shi a hankali dai, bance maleriya ce take sa wa jariri ƙanjamau ba, nace lafiyar mabiyiya kariya ce kuma maleriya tana taɓa lafiyarta.

13 ga Maris

Azumi ya rage min gudu, sai bayan tarawih nake ɗan zama. Babin magani nake kai, kuma anan dole na fita daga lab ɗinta na kawo aikin wasu, don ba ita ta gwada magungunan ba, ita dai ta buɗe ƙofar da aka samu gwajin jini sannan aka samu abinda za'a auna magani da shi.

1994 aka yi babban ci gaba na farko, binciken ACTG 076 a Amurka da Faransa. An bawa masu ciki maganin ƙanjamau mai suna AZT, jarirai masu kamuwa suka sauko daga kashi 25.5 zuwa 8.3 cikin ɗari. Sai dai tsarin fa, ƙwaya sau biyar a rana tun tsakiyar ciki, ƙarin ruwa na maganin a jijiya lokacin naƙuda, jariri kuma sirof duk awa shida har sati shida, ga tsada, kuma ba'a shayarwa. Ku faɗa min wace mata ce a ƙauyenmu da take zuwa awon farko da cikin wata bakwai ta haihu a ɗaki zata iya wannan. Tailan suka gwada gajeren tsari a 1998 ya rage kusan rabi. Sai 1999 a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, binciken HIVNET 012 wanda likitocin ƙasar irin su Francis Mmiro da Philippa Musoke suke ciki, ƙwayar nevirapine ɗaya tak in naƙuda ta fara, jariri ɗigo ɗaya cikin awa 72, kuɗin kusan dala 4, aka samu kashi 13 na jariran sun kamu maimakon 25 a wata na huɗu. Manyan nas ɗinmu sun tuna zamanin nan, ana bawa mace ƙwayar ta ƙulle a gefen zani ta tafi da ita gida. Ya ceci yara da yawa, amma yana barin cutar uwar ta saba da maganin, kuma ita uwar ba'a yi mata komai ba, an ceci ɗa an bar wadda zata raine shi.

Malawi ce a 2011 ta yanke abin gaba ɗaya, tace duk mai ciki ko mai shayarwa da aka samu da cutar a ɗora ta akan magani uku har ƙarshen rayuwa, ba sai an jira awon CD4, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, da babu injinsa a ƙauye ba. Ƙasa matalauciya ce ta fara, duniya ta biyo baya, zuwa 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya tace kowa ma a fara masa da zarar an gano. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da magani ukun, ana kiranta TLD, kuma in cutar ta kwanta a jini har awo baya ganinta toh haɗarin ɗa yana sauka ƙasa da kashi 5 ko da ana shayarwa, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai.

8 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na kai daftarin wajen metiron ɗinmu ta ɗakin haihuwa da wasu ungozomomi, har da wata tsohuwar unguwarzoma ta cikin gari da take rako mata in haihuwa ta gardama, muka zauna bayan an tashi daga awo na karanta musu. Labarin Paris sun ji daɗinsa amma basu ce komai ba, da muka zo kan nono kuwa sai kowa ta gyara zama.

Tarihin abin yana da ɗaci. A Nairobi binciken da Dakta Ruth Nduati ta jagoranta, wanda aka buga a 2000, ya nuna a shekara biyu kashi 36.7 na yaran da aka shayar sun kamu, na madarar gwangwani kashi 20.5. Don haka shekaru aka yi ana cewa mata kar su shayar. Amma inda babu ruwa mai tsabta, babu kuɗin gwangwani, babu itacen tafasa bulunboti kullum, sai yaran suka dinga mutuwa da gudawa da tamowa, a Botswana an ga haka ƙarara a 2006 bayan ambaliya. A Durban ta Afirka ta Kudu kuma Anna Coutsoudis da Farfesa Hoosen Coovadia suka nuna cewa gauraye shine mafi haɗari, wato nono da wani abu daban, nono zalla yafi shi aminci nesa ba kusa ba, ana ganin saboda sauran abubuwan suna ƙuje hanjin jariri su buɗe wa cutar hanya. Daga baya binciken Kesho Bora a Burkina Faso da Kenya da Afirka ta Kudu ya tabbatar cewa uwa in tana kan magani uku tana shayarwa haɗarin yana raguwa sosai. Shi yasa yanzu maganar ita ce ki sha maganinki kullum, nono zalla wata shida ko ruwa babu, sannan a fara kunu ana ci gaba da nono har shekara ɗaya aƙalla.

Da na gama sai Baba unguwarzoma tace 'yar nan duk naji, amma wa zai hana kaka bawa jariri ruwa a watan Afrilun nan, tace ga rubutu ga zamzam ga dabino ga bauri ga zuma, kuma yarinyar da tazo wankan jego gidansu bata isa ta ce wa uwarta a'a ba, balle ace tana ɗakin miji uwar miji na tsaye. Metiron ta ƙara da cewa Sista ki tuna da yawansu ko mijin bai sani ba, maganin a cikin kwanon jere ko ƙasan adaka yake ɓoye, in tace kar a bawa yaro ruwa za'a ce me take ɓoyewa. Maganarsu ta zauna min. Mafitar da muka tsaya akai ita ce a rubuta babin nono zalla a matsayin shawara ga kowace mai jego, mai cutar da marar ita, wanda dama haka yake a likitance, yadda babu wadda za'a nuna da yatsa. Kuma za'a yi murya ta daban don kakanni, da muryar babbar mace, Baba tace ita zata yi in dai ba za'a sa hotonta ba. Ta kuma ce a saka maganar wanzami, askar cire beli da ta aski ranar suna kowa yazo da sabuwar reza.

Za'a ƙara babi na maza. Mace bata zuwa awo sai da izini da kuɗin mota, toh in ba'a yi magana da mai ba da izinin ba aikin banza ake.

26 ga Afrilu

Babin gwajin jariri ya fito da sauri don aikina ne na kullum. Gwajin tsinke da ake wa manya sojojin jini yake nema, wato waɗanda jiki yake ƙerawa don yaƙar cutar, jariri kuwa yana ɗauke da na uwarsa har zuwa wata 18, don haka zai iya nuna akwai alhali babu. Na sha ganin uwa ta fita tana kuka daga wani kemis saboda wannan. Na gaskiyar shine a ɗiga jinin dunduniya akan kati a busar a aika babban lab a nemi ita cutar kanta da wani gwaji da ake kira PCR, a sati shida, a sake daga baya, sannan na ƙarshe bayan yaye. Kafin nan jariri yana shan sirof ɗin nevirapine tun ranar haihuwa, daga sati shida a fara masa Septrin.

Sai maganar warkewa, wadda ita Farfesa ta sa a gaba a ƙarshen aikinta, musamman da ta shugabanci ƙungiyar masana ƙanjamau ta duniya daga 2012 zuwa 2014. Akwai yarinyar jihar Mississippi ta Amurka da aka haifa a 2010, uwarta bata taɓa zuwa awo ba sai a naƙuda aka gano, aka fara wa jaririyar magani uku tana da awa 30 a duniya, a wata 18 aka daina kawota, da ta dawo ba'a ga cutar ba, duniya ta ɗauka da murna a 2013, sai a Yulin 2014 cutar ta dawo bayan wata 27 babu magani. Akwai kuma wata budurwa a Faransa da ta kamu tun haihuwa, iyalinta suka tsayar da magani tana wajen shekara shida, a 2015 Asier Sáez-Cirión na Pasteur ya ba da rahoton cewa shekara 12 kenan cutar tana kwance. Na daɗe ina juya ko in saka waɗannan ko in bari, saboda masu tallar maganin gargajiya a lasifika da rediyo suna jiran irin wannan labarin su ce ai gashi ana warkewa. Na saka, amma da bayanin cewa cutar tana ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin jiki da magani baya kaiwa, waɗannan yaran ɗaiɗaiku ne cikin dubbai kuma likitoci suna auna su ba dare ba rana, wanda ya ajiye magani da kansa cutar dawowa take cikin 'yan makonni.

Na kuma saka abinda ta faɗa da bakinta cewa bayan 1996, da magani mai ƙarfi ya fito mutane suka daina mutuwa kamar da, ita a lokacin ne ciwon damuwa ya kwantar da ita, saboda shekarun da tayi tana ganin waɗanda ta sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan lafiyarmu suna buƙatar jin wannan daga bakin babba.

21 ga Mayu

Jiya rahoton Science ya cika shekara 42, kuma a satin nan ne labari ya fito cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bawa Botswana matakin zinare akan hanyar kawar da yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa, ƙasar da cutar ta yi wa katutu fiye da mu nesa. Kyuba ce ta fara samun shaidar kawarwa a 2015, Tailan a 2016. Mu kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 ne na 'yan shekara 15 zuwa 49 suke da cutar, a ƙasar gaba ɗaya mutum wajen miliyan 1.9, adadi ƙarami in an kwatanta, amma duk da haka Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan jariran dake kamuwa, don masu cikin dake samun maganin basu kai rabi ba. A ƙidayar lafiya ta 2018 kashi 39 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, Arewa maso Yamma wajen 16. Wannan lissafin shine zai buɗe babin maza, ba zagi ba gori, lissafi kawai da abinda mutum zai iya yi, ya bada izinin awo tun wata uku, ya raka ta ko sau ɗaya, a gwada su tare.

Inda aka kwana: babin rayuwarta da na 1983 da na mabiyiya da na magani sun gama, wani likitan yara yana duba min alƙaluman. Na nono ana sake masa tsari kamar yadda su metiron suka ce. Na maza ban fara ba, ina neman limami ko malamin Islamiyya da zai zauna da ni mu rubuta tare don maganar auren wadda take da cutar da gwaji kafin aure tafi ƙarfin lab. Murya mun gwada ɗauka a ofis amma ƙarar janareto ta ɓata, wani ɗalibinmu yace akwai ɗakin ɗaukar sauti mai sauƙin kuɗi a cikin gari, zamu je da Baba ranar Asabar in Allah Ya kaimu. Wasu 'yan uwa daga Maraɗi da Damagaram sun rubuto suna so a turo musu, kafin nan ina buƙatar wata sajfam, wato ungozomar asibiti, ko nas daga can ta duba min babin gwaji da na sirof ko tsarinsu ya bambanta da namu, wadda take da hali ta yi min magana.